Nazarin Kamfanin Kawu: Amsa ga Wata Ɗaliba Daga Tawa

Wata ɗaliba ta rubuto mana daga Tawa tana cewa: "Assalamu alaikum, Baba Malam. Ina shekarar ƙarshe ta lisans a fannin tafiyar da kasuwanci. An ba mu aikin rubuta rahoton nazarin kamfani guda, sai na zaɓi na kawuna, wanda yake sarin shinkafa da mai da sukari da taliya, kuma shi ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Na rubuta shafi arba'in, malamina ya dawo mini da su, ya rubuta a kai cewa yabo na yi, ban yi nazari ba. Da na koma wurin kawu neman alƙaluma, sai ya ba ni takardun shekara guda, ya ce sauran sirrin gida ne. Abin da na lura da shi ya tsorata ni, domin ciniki yana ƙaruwa amma kullum kukan rashin kuɗi yake yi. Wata ƙawata ta ce in ƙirƙiri alƙaluman sauran shekarun, babu mai bincikawa. Saura wata guda in miƙa aikin. Ina tsoron faɗuwa, kuma ina tsoron in tona asirin mutumin da ya yi mini komai."

Wa alaikumus salam, ƴata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya saka wa kawunki da alheri. Zan fara da shawarar ƙawarki, tun da ita ce mafi sauƙin amsawa: kada ki ƙirƙiri ko da adadi ɗaya. Ban da cewa ƙarya ce, kuma a kan dukiyar mutumin da ya yarda da ke, alƙaluman kamfani a ɗaure suke da juna, ba a iya taɓa ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba. Ribar da ta fito a lissafin riba da asara dole ne ta bayyana a bilan (takardar da ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa), kayan da suka kwana a magaza ranar 31 ga Disamba su ne za su wayi gari ranar 1 ga Janairu, kuma kuɗin da ya rage a banki da cikin akwati dole ne ya yi daidai da abin da jadawalin shige da ficen kuɗi ya nuna. Na taɓa zama cikin malaman da ke sauraren ɗalibai ranar kare aiki a wata makaranta a Yamai, wani yaro ya gabatar da jadawalai masu launi, sai wata malama ta ɗaga gilashinta ta sa yatsa ɗaya a wani shafi, ɗaya a wani. Kayan ƙarshen shekara miliyan 41 ne, na farkon shekarar da ta biyo baya miliyan 58. Ta tambaye shi a hankali wanda ya shigo da kayan miliyan 17 a daren sabuwar shekara. Ya tsaya yana kallon takarda har lokacinsa ya ƙare. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a fannin lissafi ya fi ƙurewa da wuri.

Maganar malaminki kuwa, ko da ta yi miki zafi, ina ganin gaskiya ya faɗa. Ban ga shafukanki ba, amma zan iya faɗin abin da ke ciki, domin na karanta irinsu da yawa: tarihin yadda Alhaji ya fara da tebur har ya kai ga magaza, zanen tsarin shugabanci wanda shi ne a sama kuma shi ne a tsakiya, ma'anonin kalmomi da aka kwaso daga intanet, sannan jadawalin nan mai gida huɗu na ƙarfi da rauni da dama da barazana, inda aka rubuta "ma'aikata masu ƙwazo" a gidan ƙarfi da "ƙarancin talla" a gidan rauni. Duk wannan za a iya ɗauke shi a liƙa wa kowane kamfani daga Tawa har Difa ba tare da an canja harafi ba. Abin da ke mayar da rahoto nazari shi ne tambaya guda da ake son amsawa, wadda ta shafi wannan kamfani shi kaɗai, kuma ake amsa ta da hujjar da mai karatu zai iya bi ya tabbatar. Abin mamaki shi ne kin riga kin sami tambayarki, kin rubuto mini ita a matsayin abin tsoro: me ya sa ciniki yake ƙaruwa alhali kuɗi suna ƙaranci? Wannan tambaya ta ishe ki rahoto cikakke, kuma ta fi wadda yawancin abokan karatunki za su zo da ita, saboda ke da idonki kika gan ta.

Bari in nuna miki yadda amsar take yawan kasancewa a harkar sari. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai na koyarwa, na zaɓe su don lissafi ya zo da sauƙi, sai ki maye su da na gaskiya. A ce kamfani yana cinikin miliyan 360 na sefa a shekara, wato miliyan ɗaya a kowace rana idan aka ɗauki shekara kwana 360 kamar yadda ake yi a wannan lissafi. A ce a ƙarshen shekara masu shaguna da ƴan tebur suna riƙe da bashinsa na miliyan 70, akwai kayan miliyan 50 a magaza, shi kuma masu ba shi kaya suna bin sa miliyan 30. Idan kika haɗa 70 da 50 kika cire 30, za ki sami miliyan 90. Wannan shi ne abin da kuke kira BFR a aji, buƙatar jarin juyawa, kuma ma'anarsa a bakin ɗan kasuwa ita ce kuɗin da suka kwanta: nasa ne, amma ba zai iya sa hannu ya ɗauka ba. A misalinmu cinikin kwana 90 ne cur yake kwance. Yanzu a ce ribar da ke saura bayan an cire komai kashi 2 cikin 100 ce, abin da ba baƙo ba ne ga masu sarin kayan masarufi, inda riba take ƙarama a kan kowane buhu. Idan ciniki ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu ya kai miliyan 450, ribar za ta zama miliyan 9, amma kuɗin da ke kwance za su tashi daga miliyan 90 zuwa 112 da rabi. An sami ribar miliyan 9, an binne miliyan 22 da rabi. Giɓin miliyan 13 da rabi dole ne ya fito daga wani wuri, ko rancen banki mai ruwa, ko jinkirta biyan masu kaya, ko sayar da wata kadara. Mai kamfanin yana ganin motoci suna sauke kaya suna ɗauka, jama'a suna cewa Allah ya buɗa masa, shi kuma yana rasa abin da zai biya duwan, wato kwastan, da shi.

Ban ce wannan ne ciwon kamfanin kawunki ba. Mai yiwuwa ne ribar kowane buhu ce ta ragu saboda tsadar sufuri, ko akwai bashin da ya mutu ana ci gaba da ƙirga shi, ko kuɗi suna fita ta wata ƙofa da zan yi maganarta nan gaba. Aikinki shi ne ki gwada kowane zato da alƙaluma, ki nuna wanda ya tsaya da wanda ya faɗi. Rahoton da ya ce "na zaci kaza, na auna, na ga ba shi ba ne" ya fi daraja a idon malami a kan wanda ya san amsa tun shafin farko.

Yanzu ki sake buɗe takardun da kawu ya ba ki, domin ina zaton kin raina su. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, kuma tun 1 ga Janairun 2018 kamfanoni suna bin tsarin lissafi na SYSCOHADA da aka sabunta. A ƙarƙashin wannan tsari, ɗan kasuwar da cinikinsa ya wuce miliyan 60 a shekara ba ya cikin masu ƙaramin tsarin nan na shiga da fita kawai, ana buƙatar ya fitar da bilan, da lissafin riba da asara, da jadawalin shige da ficen kuɗi, da bayanan da ke biye da su. Abin da ya shafe ki a nan shi ne, waɗannan takardu suna zuwa da layi biyu na alƙaluma, na shekarar da ake magana da na wadda ta gabace ta. Saboda haka idan kontabul, wato akanta, ne ya shirya abin da aka ba ki, shekara biyu ce a hannunki. Idan kika samu kawu ya ƙara miki kundi ɗaya tak, na shekara biyu baya, kin sami shekara huɗu a jere, alhali uku ma sun isa a ga inda kamfani ya dosa. Kuma kada ki tsallake bayanan da ke biye, waɗanda ɗalibai suke gudu saboda ƙananan rubutu, domin a nan ne ake rarrabe basussuka da wa'adinsu.

Kafin mu je ga yadda za ki nemi ƙarin, ya kamata ki fahimci abin da kawunki yake tsoro, domin bai hana ki don ƙiyayya ba. Ɗan kasuwa yana tsoron takardarsa ta faɗa hannun masu lanho, wato masu karɓar haraji, yana tsoron abokin gasarsa na layi ɗaya ya san farashin da yake sarowa, yana tsoron masu ba shi kaya a Yamai ko Maraɗi su ji cewa hannunsa ya yi rauni su janye bashin da suke ba shi, kuma a ƙasan wannan duka akwai tsoron bakin mutane, wanda ba a rubuta shi a littafin koyarwa amma kowa ya san nauyinsa. Rahoton ɗalibi kuwa ana ajiye shi a ɗakin karatu, ana kwafarsa, yana yawo a wayoyi. Tsoronsa yana da tushe, kuma ke ce ya kamata ki kawo masa maganin tsoron kafin ki sake roƙo.

Maganin sananne ne a makarantun kasuwanci. Ki fara da malaminki, ki gaya masa a fili cewa kamfanin na kawunki ne, domin gara ya ji daga bakinki a kan ya gano ranar kare aiki, sannan ki nemi izinin sakaya sunan kamfanin da harafi, ki cire sunayen masu ba shi kaya da masu saye, ki nemi a riƙe rahoton a matsayin na sirri idan dokar makarantarku ta yarda. Akwai kuma dabarar mayar da alƙaluma zuwa ma'auni: a ɗauki cinikin shekarar farko a matsayin 100, a auna komai da shi. Mai karatu zai ga ciniki ya tashi daga 100 zuwa 125, zai ga kwanakin bashi sun tashi daga kaza zuwa kaza, amma ba zai san ko miliyan nawa ake magana ba. Nazarin bai rasa komai ba, domin yawancin ma'aunan da kike buƙata rabo ne da kwanaki, kuma za ki rubuta a sashen hanyar bincike cewa haka kika yi da dalilin yin haka. Bambancin wannan da shawarar ƙawarki shi ne, a nan kin sanar da mai karatu abin da kika rufe, kuma asalin takardun suna nan idan malami ya nemi gani.

Idan kin sami amincewar malami, ki karɓi takarda daga makaranta mai hatimi, ki je wurin kawu a gida, lokacin da ya natsu, kada ki tare shi a magaza gaban yaransa da masu saye. Idan kina jin nauyin buɗe maganar, ki sa mahaifiyarki ta share miki hanya, tun da ɗan'uwanta ne. Ki ce masa, "Kawu, ba na son sanin yawan dukiyarka, ina son in gano inda kuɗin kaya suke maƙalewa, kuma sunanka ba zai fito ba." Akwai wata ƙofa da nake ganin za ta fi saurin buɗuwa, ita ce ta zakka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da yake juya kaya kullum yana ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar kuɗinsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya bar wanda ya fid da rai, sannan ya fitar da ɗaya cikin arba'in. To, rarrabe bashin da ake sa rai da wanda aka fid da rai shi ne ainihin abin da kuke koyo a aji da sunan tanadi don bashi mai shakka. Kawunki ya san wannan lissafi tun kafin a haife ki, da wani suna. Idan kika yi masa magana da harshen da ya sani, zai gane cewa aikinki ba baƙon abu ba ne, har ma yana iya taimaka masa.

Idan ya yarda, abin da za ki fi amfana da shi ba kundin kontabul ba ne kaɗai, har da littafin bashi, wannan doguwar kaye mai baƙin bango da ke cikin aljihun tebur, wadda aka rubuta sunayen mutane da laƙabinsu, wani da boko wani da ajami, an soke wasu layuka an bar wasu. Ki zauna da babban yaron shago kwana biyu ko uku, ki bi littafin layi layi, ki raba basussukan bisa tsufansu: waɗanda ba su kai wata guda ba, waɗanda suke tsakanin wata ɗaya da uku, waɗanda suka wuce haka, da waɗanda suka shekara. Sau da yawa za a tarar mutane ƙalilan ne suke riƙe da mafi yawan kuɗin. Amma ki yi hattara da wani tarko da ya kama ɗalibai da yawa a ƙasar nan. A kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, don haka idan yaron ya ce miki "ɗari biyu" yana nufin jaka ɗaya, idan ya ce "dubu" yana nufin sefa 5000. Wani yana rubuta abin da bakinsa ya faɗa, wani yana rubuta abin da ke kan takardar kuɗi, kuma a littafi ɗaya ana iya samun hannu biyu. Ki ɗauki layi goma ki gwada su da farashin buhu na lokacin kafin ki tara komai, in ba haka ba za ki iya ninka bashin sau biyar ko ki rage shi sau biyar. Haka kuma, ga kayan da ake ɗora wa harajin TVA, wato wanda ake ƙarawa a kan farashin sayarwa, wanda a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, bashin mai saye yana ɗauke da harajin a ciki, saboda haka da cinikin da ya haɗa da haraji ake auna shi.

Sai ƙofar da na ce zan dawo kanta, kuma ita ce mafi nauyi a gare ki. A yawancin kamfanonin iyali aljihun gida da akwatin shago ɗaya ne. Daga nan ake ɗaukar cefane, da ragon suna, da kujerar Makka, da taimakon dangin ƙauye, kuma wataƙila daga nan aka biya kuɗin makarantarki. Idan kika tarar wannan yana cikin dalilan ƙarancin kuɗi, za ki ji kamar kina ƙirga lomar da aka ba ki. Kada ki ɗauke shi haka. Tsarin lissafi da kansa ya tanadi gurbi domin wannan, asusu mai lamba 104 na mai kamfani, inda ake rubuta abin da ya zuba da abin da ya ɗiba, saboda an san dukiyarsa ce kuma yana da haƙƙin ɗiba. Abin da nazari yake tambaya kawai shi ne ko abin da ake ɗiba a shekara ya wuce ribar da aka samu. Ki rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin sunan ɗibar mai kamfani, ba tare da kin bayyana inda kuɗin suka tafi ba, domin wannan bai shafi jami'a ba.

Game da sashen muhallin kasuwa, inda ɗalibai suke cika shafuka da tattalin arzikin duniya, ki taƙaita, ki ɗauki abin da ya taɓa buhun shinkafar kawunki kawai. Shekarun da za ki duba ba na yau da kullum ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, kayan da ke zuwa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin ta hanyar garin Gaya na kan iyaka suka tsaya, ƴan kasuwa suka karkata zuwa tashar Lome ta Togo ta hanyar Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hanyar Gaya ba ta koma yadda take ba nan take. A cikin watan Yulin 2023 ɗin ne kuma Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa, abin da ya ɗaga farashi a kasuwannin duniya. A ɗaya gefen, darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga tsakiyar 2023, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, kuma wanda yake kasuwanci a jihar Tawa, da Konni da Illela na bakin iyakar Najeriya a kusa, ya san abin da wannan yake yi wa farashin taliya da mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ki haɗa shi da wani layi a lissafinki: tsawon hanya yana ƙara kwanakin da kuɗi suke yi a kan mota, tashin farashi yana kumbura adadin ciniki ko da yawan buhunan bai ƙaru ba. Wannan na ƙarshe ki bincika shi da kyau, ki nemi yawan buhuna da katan da jarka da aka sayar, domin mai yiwuwa ne "ƙaruwar ciniki" da kika gani tsada ce kawai. Idan za ki yi amfani da ma'aunin nan na ƙarfi biyar masu juya gasa a kasuwa, wanda Michael Porter ya fitar a 1979, kada ki cika gidajen biyar don a ce kin cika. A harkar kawunki biyu ne suke da nauyi, ƙarfin manyan masu shigo da kaya waɗanda suke yanke farashi da wa'adi, da ƙarfin masu saye waɗanda za su koma maƙwabci idan aka hana su bashi.

Shawarwarin da za ki rufe rahoton da su, kowace ta fito daga wani adadi da kika nuna, kuma ta zama abin da mutum irin kawunki zai iya aikatawa a Tawa. "A inganta hanyar karɓar bashi" ba shawara ba ce. Idan kika ce rage kwanakin bashi daga 70 zuwa 55 zai dawo da miliyan 15 cikin akwati, kamar yadda misalinmu zai bayar, kin faɗi abin da za a iya aunawa. Sai dai ki tuna bashi a kasuwarmu zumunci ne, wanda ake bi yana iya zama abokin sahu a masallaci ko suruki, kuma mai shagon da ke ƙauyukan Galmi da Madawa ba zai iya biya ba sai manoman albasa sun sayar. Don haka sa wa kowane mai saye iyakar da ba zai wuce ba, da tsayar da sabon bashi ga wanda tsohonsa ya shekara, da yanke wa gida adadi sananne a kowane wata, sun fi kusa da yiwuwa a kan kai mutane kotu.

Idan kuma kawu ya ƙi, ko kika tarar abin da ke cikin littafin shago ya yi hannun riga da abin da aka kai wa hukumar haraji, to ki janye cikin ladabi. Ba aikinki ba ne ki rubuta wannan a takardar da za ta shiga hannun jama'a, kuma bai halatta ki rufe shi da ƙarya ba. Ki sanar da malami cewa bayanan ba su samu ba, ki koma ga kamfanin da dole ne ya wallafa lissafinsa. Kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ta haɗa ƙasashe takwas na UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, tana sa rahotannin kamfanoninta a shafinta kyauta, ciki har da kamfanin sadarwa na Sonatel ta Senegal da bankin BOA Niger. Sai dai ki sani banki yana da nasa tsarin lissafi dabam, ba a auna shi da kayan magaza da kwanakin bashin masu saye, saboda haka kamfanin saye da sayarwa ko na sarrafa kaya zai fi dacewa da abin da kika riga kika koya. Ki ba kanki kwana bakwai kacal domin wannan hukunci, kada jiran kawu ya cinye watan.

Sauran makonni ukun sun isa idan kika fara da jadawalai kafin rubutu. Mako ɗaya na lissafi, ki sa shekarun gefe da gefe, ki tabbatar kowane adadi kin san takardar da ya fito da shafinta. Mako ɗaya na rubuta nazarin, inda kowane jadawali zai sami sakin layi da ke faɗin abin da ya canja, da dalilinsa, da abin da hakan yake jawowa, maimakon maimaita alƙaluman da mai karatu yake gani da idonsa. Gabatarwa ita ce ta ƙarshe, domin sai kin san amsa za ki iya tsara tambaya da kyau. Daga shafuka arba'in ɗin farko, tarihin kamfani ya koma shafi biyu, sauran ki ajiye su ba tare da baƙin ciki ba.

Kafin ki miƙa aikin, ki rubuta abin da kika gano a shafi biyu da Hausa, ki karanta wa kawu ku biyu kaɗai, ki fara da abin da yake tafiya daidai, sannan ki zo kan kuɗin da suka kwanta. Ki bar shi ya gyara miki inda kika fahimci kasuwa a karkace, domin zai sami irin wuraren, kuma gyaransa zai ƙara wa rahoton ƙarfi. Idan ya nemi a cire wani abu da zai sa a gane shi, ki cire. Idan ya nemi a canja adadi, ki ba shi haƙuri ki bar shi yadda yake. Allah ya ba da sa'a, kuma ki sake rubuto mini bayan kin zauna da littafin bashin, ina son in ji ko da dala aka rubuta shi ko da sefa.